Takardu Bakwai na Gwadabe

Ranar da muka kai Gwadabe makwancinsa, na ji wani a bayana yana cewa Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai taurin kai ya hana shi zama wani abu. Wallahi da ba a maƙabarta muke ba, da sai ya ji daga bakina. Taurin kai? Mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru, shi ne zai tsaya yana yanke wa Gwadabe hukunci. Ni ina wurin, kuma da hannuna a ciki, saboda haka ni ya kamata in faɗi yadda aka yi.

Sunana Ummaru. A shekarar 1964 ni ne malamin firamare na Unguwar Manu, wani ƙauye kusa da Ƙarfi, idan ka bar hanyar Malumfashi zuwa Funtua ka yi yamma. Gwadabe ɗan garin ne. Ya gama aji bakwai, mahaifinsa ya rasu, ya dawo ya riƙe gonar gida da uwarsa Sabuwa, wadda ke suyar ƙosai ranar kasuwa. Ban taɓa ganin wanda ya san auduga kamarsa ba. Ganye ɗaya zai juya ya gaya maka tsutsar da ta shiga gonar da kuma kwana nawa ta yi. Malamin gona da ake aiko mana daga Funtua a kan babur, da hularsa mai malafa, a ɓoye yake jan Gwadabe gefe ya tambaye shi, sannan ya tara mutane ya faɗa musu kamar daga kansa ya fito.

Burin Gwadabe ɗaya ne, ya shiga makarantar horon malaman gona. Ana yin jarrabawar shiga sau ɗaya a shekara a Funtua, kuma ba a ɗaukar wanda ya wuce shekara ashirin da biyar. Bara ya zauna, ya cinye lissafi da ilimin gona, rubutun Turanci ya kayar da shi. Bana yana da ashirin da biyar cif. In ta sake kuɓuce masa, shi ke nan, ƙofa ta rufu. Kafin a ba mutum kujera kuma, sai dagacin garinsu ya sa hannu a takarda cewa ya san shi da halin kirki.

Shi ya zo ya same ni, ya durƙusa kamar ba kusan sa'o'i muke ba, ya roƙe ni in koya masa rubutu. Muka sa lokaci, kullum bayan la'asar, a ajina. Ina ajiye agogona a kan tebur, in ba shi minti arba'in, ya cika shafi ɗaya da rabi, ni kuma in bi da jar tawada. Da fari abin dariya ne. Gwadabe zai kama jimla daga saman shafi ya ja ta har ƙasa ba numfashi, kamar mai huɗar da ya manta gona tana da iyaka. Amma ba ya fushi da gyara. In na ja layi ƙarƙashin abu sau ɗaya, ba ya sake yinsa.

Ina da tsofaffin takardun jarrabawar na shekara shida. Kashi biyu ne. Na farko zaɓi ne, ka ba da labari ko ka bayyana wani abu. Na biyu wasiƙa ce, dole, kuma rabin makin yana kanta. A cikin shekara shidan nan, biyar wasiƙar koke aka tambaya: ka rubuta wa hukuma ka kai kukan wani abu da ya lalace a garinku. Don haka na ce masa a nan za mu zuba ƙarfinmu.

Wasiƙar farko da ya kawo mini, kukan jirgin ƙasa ne da ke makara, wanda ya kwaikwayo daga wani littafi. Lami, ba gishiri. Gwadabe bai taɓa hawa jirgi ba, ina zai san zafin jiransa? Na jefa masa takardar, na ce ya daina aron ciwon wasu, ya rubuta abin da idonsa ya gani, da rana da wuri da adadi, don masu duba jarrabawa abin da suke so ke nan. Ni na faɗa masa haka, da bakina.

Sai ya rubuta maganar rijiya. Farkon damina an aiko wa garin buhun siminti goma sha biyu don a ɗaure bakin rijiyar gari da ke zaftarewa. Damina ta wuce, bakin rijiya na nan yadda yake, har akuyar wani ta faɗa ciki, mata suka koma ɗibar ruwa a rafi. Zauren Magaji, dagacinmu, kuwa ya sami sabon daɓe mai santsi da dakali biyu. Babu wanda bai sani ba, har yara. Gwadabe bai ma ambaci sunan Magaji ba. Ya dai ce siminti ya iso ranar kaza, mota kaza ta sauke shi, rijiya ba ta gan shi ba.

Kai, wasiƙar ta yi rai. Amma akwai kurakurai, sai na sa shi ya sake. Ya sake, na gyara, ya sake. Sau bakwai ya rubuta ta cikin sati biyu, kowacce da jar tawadata a jiki, ta bakwai kuwa wuri biyu kawai na taɓa. Ya kwashe su ya kai gida, ya ajiye kan buhun dawa, ya ce wa uwarsa waɗannan sun gama aiki.

Takarda tana da wuya a ƙauye a zamanin. Sabuwa ba ta karatu, ta ji an ce sun gama aiki, ranar kasuwa ta ɗauka ta tafi da su wurin suya don naɗe ƙosai. Ba laifinta ba ne, kuma duk wanda ya ɗora mata laifi bai san Allah ba.

Wanda ya zo sayen ƙosai shi ne Jibo, malamin Magaji, mai rubuta masa takardu. Tare suka shiga makaranta da Gwadabe, shi ya tsaya a aji huɗu, kuma bai taɓa yafe wa Gwadabe wannan ba. Turancin Jibo bai fi cikin cokali ba, amma ya isa ya gane sunan garinmu da siminti da rijiya. Ya cinye ƙosansa, ya koma ya lallaɓi tsohuwa ta ba shi sauran takardun, wai zai naɗe taba. Kafin azahar duka bakwai suna gaban Magaji, da maiƙonsu.

Ku ji fassarar da ɗan banzan nan ya yi. Ya ce takarda ɗaya ce aka yi ta bakwai don a raba ta wuri bakwai: Malumfashi, Funtua, Katsina, Kaduna, har ya kai ga Ingila. Jar tawada kuwa, ya ce kowa ya san manyan ofis ne kaɗai ke sa hannu da ja, saboda haka takardun nan sun je an gani, an dawo da su. Shekarar zaɓe ce, ko tari ka yi da ƙarfi sai a ce ɗan hamayya ne. Magaji ya tsorata, kuma mai tsoro ya fi kowa mugunta.

Washegari aka kira Gwadabe, aka kira ni. Muka zauna a zauren, a kan daɓen simintin nan da ake magana, sanyinsa yana ratsa mu. Ga Liman, ga dattawa, ga Jibo ya baje takardu yana ta hura hanci. Sabuwa tana waje tana kuka. Gwadabe ya yi bayani a natse, ya ce gwajin jarrabawa ne, ba inda ya aika su, ko kan sarki bai saya ba. Ba wanda ya tambaye shi ko abin da ya rubuta gaskiya ne, don amsar tana ƙarƙashin gindin kowa.

Na ce jar tawadar tawa ce, ni na gyara. Magaji ya juyo ya dube ni.

"Au, ashe kai ne ka sa shi, Malam?"

Daga nan ya shiga ba da labarin wani malami da ya tsoma baki a harkar gari, aka kore shi daga aiki, yanzu yana dako a tasha. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Na ja bakina na tsuke. Shekara nawa ke nan, har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Magaji ya ce shi ba mugu ba ne, ba zai toshe wa ɗan gari hanya ba. Zai sa hannu a takardar jarrabawa yanzun nan, amma sai Gwadabe ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ƙara rubuta takardar koke ba, da Hausa ko da Turanci, zuwa ga kowa, muddin ransa. Dattawa suka ce ai an yi masa adalci. Liman ya sunkuyar da kai ya miƙo Littafi.

A zauren nan mutum biyu ne suka san abin da rantsuwar take nufi, ni da shi. Gwadabe ya dube ni. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce a ƙara kalma uku, ban da jarrabawa. Kalma uku kacal, wataƙila ma da Magaji ya yarda. Na kafa idona a ƙasa ina kallon siminti. Ya jira ni, ya ga ba zan ɗago ba, ya tashi ya yi alwala ya dawo ya rantse.

Sati uku suka rage. Na yi ta fama da shi. Na ce rantsuwar dole ba ta hawa kan mutum, kowane malami zai gaya masa haka. Na ce in ma ta hau, akwai kaffara, ya ciyar da miskinai goma, in bai iya ba ya yi azumi uku, ni ma zan taya shi. Ya ce ya ji, amma mutum ba ya dafa Littafi alhali ya riga ya shirya karya alkawari a ransa, kuma shi da ya dafa bai cire komai ba. Na zage shi, na ce wauta ce. Ya yi murmushi ya ce in ba shi wani abin ya rubuta. Muka koma wasiƙar neman aiki da ta godiya da ta gayyata, ina ta addu'a bana ta zama shekarar nan ɗaya cikin shida.

Ranar jarrabawa na raka shi. Muka hau motar auduga da sassafe, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, da alƙalami biyu a aljihu. Na zauna a gindin wata bishiyar maina a ƙofar makarantar da ake yi, tare da iyayen wasu. Awa biyu aka ba su. Awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga Gwadabe ya fito shi kaɗai, yana tafe a hankali. Ban tambaye shi ba, na karɓi takardar tambayoyin daga hannunsa. Kashi na biyu: ka rubuta wa hukuma ka kai kukan wata gada da ta karye a hanyar garinku.

Kashi na farko ya rubuta yadda ake tsinkar auduga, shafi biyu. A na biyu ya sa adireshi da kwanan wata da gaisuwa, kowanne a wurinsa yadda na koya masa, ya ajiye alƙalami. Raina ya ɓaci. Na kama hannun rigarsa, mutane na kallo.

"Gwadabe, gadar nan fa babu ita a duniya. Ba wanda za ka kai ƙara. Gwaji ne kawai."

"Na rijiyar ma ai gwaji ne, Malam."

Na saki rigarsa. Muka dawo a bayan mota har Ƙarfi.

Sakamako ya zo bayan wata biyu. A kashi na farko ya fi kowa maki a duk waɗanda suka zauna a Funtua, na biyu sifili, jimla ba ta kai ba. Rijiya kuwa, kafin wannan lokacin Magaji ya sa an ɗaure bakinta cikin kwana huɗu, don bai taɓa yarda har zuciyarsa cewa takardun ba su je Kaduna ba. Gari ya sha ruwa mai kyau, kuma garin nan ne ya riƙa hana 'ya'yansa zama da Gwadabe, wai mai haɗa fitina ne. Tir da wannan hali. Jibo ya ci gaba da aikinsa har ya tsufa a kai.

Gwadabe ya koma gonarsa, ya yi aure, ya haifi bakwai, ya aurar. Malaman gona sun yi ta zuwa suna tafiya, yara ƙanana da takardunsu, kowanne sai ya biya ta gonarsa kafin ya buɗe baki a taro. Shi ne mai rubuta wa gari wasiƙa kyauta, ta gaisuwa, ta sanar da haihuwa, ta iyayen da 'ya'yansu ke bakin daga lokacin yaƙin basasa. Hannunsa kamar na inji, ba kure. Amma in mutum ya zo da kuka, an ƙwace masa gona, ko an danne masa taki, ko an daki ɗansa a kan banza, Gwadabe zai saurare shi har ƙarshe, ya jera masa maganar daki-daki, ga rana, ga wuri, ga adadi. Sannan ya rufe alƙalaminsa ya mayar aljihu, ya ce masa, "Je ka wurin Malam Ummaru, shi bai rantse ba."