Ramin garin da na bar Mamman

Ranar Alhamis ce. Da hantsi muna shayar da shanu a bakin kasuwa, a wani gari na gabashin Najeriya, ni da Mamman ɗan gwaggona. Ni haifaffen Konni ne a Nijar, shi an haife shi bayan iyaka, wajen Gwadabawa a Najeriya. Akushi ɗaya muka tashi muna ci.

Ƙarfe goma jirgin ƙasa ya iso daga Arewa, cike da ƴan garin da aka koro, wasu da sara, wasu a kwance. Muka jiyo kukan mata daga tasha. Sha ɗaya da rabi kasuwa ta watse, aka shiga farautar ƴan Arewa don ramuwa. Muka saki shanun, muka haye motar manja.

Azahar ta same mu a shinge. Sojoji biyu da masu adduna.

"Ku sauko!"

Ina da takardar shaida ta Nijar. Mamman ba shi da komai. Na yi wa ɗaya sojan Faransancin lakwal, wanda na koya a makaranta, ya juya takardar, ya tura ni gefen mota. Sai ya nuna Mamman da bakin bindiga, ya tambaye ni ko ɗan'uwana ne. Da na ce e, wataƙila mu wuce tare, wataƙila a riƙe mu tare. Na girgiza kai.

Mamman bai kira sunana ba. Mota ta tashi.

Bayan nan na ga Abijan, Jidda da Faransa. Garin nan kaɗai nake kauce wa. Sai da furfura ta rufe ni na koma.

Ramin da shugabannin yankin suka fake a cikinsa lokacin yaƙin da ya biyo baya ya zama gidan tarihin soja. Na sauka ina dafe da bango. Sanyi da warin ƙasa kamar na rijiyar da aka daina ja. A Faransa na shiga irinsa, can sunayen matattu suke jerawa. Nan hotuna ne, yara masu kumburin ciki. Matar da ke zagayawa da mu ta ce kakarta ƴaƴa huɗu ta binne. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, alhali na san ba mai ɗaukar hoton ɗan koren shanu.

Ta tambaye ni ko na san garin a da. Na ce na taɓa kawo shanu.

A waccan tafiyar mu bakwai muka taso daga Konni da shanun, shida muka koma. Na ce wa Gwaggo cunkoso ne ya raba mu. Shekara goma sha tara ta yi tana tambayar direbobi, har ta rasu.