Rigar Fataken da Nuhu Ya Sa

Ina cikin goge 'yar farar rigar da na ɗinka wa ɗana Nuhu sai kakata ta leƙo ɗakin.

Makarantarsu ce ta ce kowane yaro ya zo da shigar kakanninsa. Namu kuwa fataken goro ne da suka sauka a Zangon Kumasi wajen 1920. Kwana biyu na yi a kan keken ɗinki, har da sitaci na sa mata.

"Ei, Rabi! Wannan limamin unguwar Alabar ne ko bafatake?" in ji ta. "Mutumin da ya yi wata uku a hanya da jakuna, ina ya ga farar riga? Daka goro ki jiƙa ta."

Na jiƙa, raina na ƙuna. Ta fito jawur, duk dabbare-dabbare.

Da safe Nuhu ya sa ta, ya ɗora malfa, ya saɓa sanda. Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta share ido ta ce, "Sannu da hanya, Baba. Ina tsarabata?"

Ashe mahaifinta na ɗinko ban sani ba.

Ku fa, da shigar wa naku za su fito?