Jan Biron Malam Sundaresan

A unguwarmu ta Mailapur, cikin Chennai, idan aka ce Mami Alamelu kowa ya san ana nufin 'yar siririyar dattijuwar nan ta saman bene, mai fensir soke a gashi. Ni Komala a ƙasansu nake zaune. Tun makon da na tare na gane ba zan rasa abin saurare ba, domin kullum da safe, kofi bai gama tsiyaya ba, za ka ji ta da mijinta suna ta da jijiyar wuya. Da farko na ɗauka aure ne zai mutu. Ashe wasan cike gurbin kalmomi ne na bayan jarida.

Jaridar Turancin da muke karɓa biyu take bugawa, babba da ƙarami na gaggawa. Ƙaramin suke yi. Akwatuna ne farare da baƙaƙe, kowace kalma da kacici-kacicinta, mai tsarawar kuma mugu ne, ya nuna maka gabas alhali amsar tana yamma. Tun suna amarci suka raba aikin: kalmomin tsaye nata ne, na kwance nasa.

Mijin nata, Malam Sundaresan, malamin lissafi ne mai ritaya, amma jan bironsa bai yi ritaya ba. Kuskure bai taɓa wucewa ta gabansa lafiya ba. Katin gayyatar bikin 'yata ma sai da ya gyara shi da ja ya maido mini, ni kuwa na ƙi gaishe shi har aka watse. To da irin wannan mutum Mami take raba jarida.

"Alamu, wannan kuma mece ce?" haka zai tambaye ta.

"Kalma ce."

"A wace ƙasa?"

"A ƙasar da mutum yake shan kofinsa ya kama bakinsa."

Sai ka ji ƙiii, ya ja mata layi. Ita ce ta koya mini wasan, har ya zama da rana nakan hau da tawa jaridar mu gwada amsoshi, mu zagi mai tsarawa, mu ci ragowar idli, wainarmu ta shinkafa.

Ana nan sai ɓarin jikin Malam ya shanye. Aka maido shi daga asibiti hannun dama a mace, baki ba magana, ido yana kallon bango. Ɗansu Murali ya zo daga Singapore. Likita ya gaya masa da wuya in tsohon yana gane abin da ake faɗa. Murali ya samo gidan jinya a wajen gari, ya ce kafin hutunsa ya ƙare zai kai baban can. Kada a ga laifin yaron. Ni ma na ga yadda bayan uwarsa ya fara rankwafawa wajen ɗaga mutum da kwantar da shi.

"Mama, bai ma san a ina yake ba," in ji Murali.

"In bai sani ba ka ɗauke shi. Amma ya sani."

"Ta ina kika gane?"

"Zan nuna maka."

Daga ranar, kullum da safe sai ta cika nata ɓangaren, ta bar nasa fari fat, ta ajiye jaridar a kan faranti a cinyarsa, ta cusa masa jan biron a hannun hagu. Ta karanta masa kowane kacici-kacici da ƙarfi, da amsar da ta ba shi. Biron ya sulale ya faɗi. Ta ɗauka ta mayar. Gobe ma haka.

Da rana ina gwada tawa jaridar da tata sai na ga ta yi kuskure a wuri ɗaya. Washegari na ga wani. Na ce a raina shi ke nan, wahala ta taɓa kan matar nan ita ma. Na same ta a kicin tana niƙa kwakwa.

"Mami, kalma ta bakwai ɗin nan ba haka take ba."

"Na sani."

"Jiya ma akwai wata."

"Komala, ni na koya miki wasan nan. Kina tsammanin yau na fara rikicewa?" Ta share hannu da gefen zanenta na sari. "Na kunna masa waƙoƙin ibada, ko gezau. Murali ya nuna masa hoton jikoki, ko gezau. Mutumin nan daɗi ba ya tashinsa. Haushi ne yake tashinsa. In dai yana ciki, ba zai iya kallon kuskurena ya ƙyale ba."

Na yi dariya har da hawaye, rabinsu kuma ba na dariyar ba ne.

Haka muka koma, mu biyu mata da furfurarmu, muna ƙera kuskure da gangan. Ba abu ne mai sauƙi ba. Dole kalmar ta cika akwatunan cif, ta yi kama da amsa, kuma ta zama ƙarya. Matsalar Mami girman kai. Kurakuranta ƙanana ne masu kunya, irin waɗanda sai an sa tabarau. Na ce mata, "Mami, mutum yana ƙasan rijiya kina yi masa raɗa. Ki yi katoɓarar da za ta sa shi jin kunyar ya aure ki." Ta harare ni, ta ce hannunta ba zai iya ba.

Hutun Murali ya yi ta ƙarewa. Biro ya yi ta faɗuwa. Akwai safiyar da na iske ta tsaye a bakin taga, ta juya wa ɗakin baya, kafaɗunta suna rawa. Tana jin motsina ta ce hayaƙin turare ne, ta koma ta ɗauki biron daga ƙasa. Gaskiya a raina na riga na sallama, na ji tausayinta har na fara jin haushinta.

Ranar da motar gidan jinya za ta zo, na hau da sassafe. Murali yana ninke kayan babansa cikin jaka, ba ya kallon kowa. Mami ta zauna ta cika nata ɓangaren. A wuri ɗaya tsuntsu aka nema. Ta daɗe tana kallon akwatunan, sannan ta danna fensir ta rubuta sunan kifi, manyan haruffa baro-baro. Ta karanta kacici-kacicin, ta karanta kifinta da murya irin ta mai shela.

"Malam, kun ji? Na gama. Yau ma duk daidai. Ai ni tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kuskure ba, jan layinku duk neman magana ne."

Ta sa masa biron, ta miƙe za ta kawo kofi. Ba ta kai ƙofa ba muka ji ƙiii.

Layin a karkace yake, ya ma huda takardar, amma a kan kifin ya sauka. Murali ya tsaya da bargo a hannu.

"Anti Komala, wataƙila hannunsa ne ya zame," ya ce da ni a hankali.

Mami ta dawo ta tsaya a kan mijinta, hannu a ƙugu.

"Me kuka soke mini? Daidai ne! Kifi ne, kuma kifi zai zauna."

Wani gurnani ya fito daga maƙogwaron Malam. Idon da ya daɗe yana kallon bango ya juyo kanta, kuma wallahi harara ce, tsohuwar hararar da ta gyara katin bikin 'yata. Bakin biron ya sake sauka a wurin, ya sake sauka. Mami ta zare fensir daga gashinta, ta goge kifin, ta rubuta tsuntsun. Hannunsa ya saki, ya kwanta a kan faranti.

Murali ya zauna a ƙasa ya kifa fuska a cikin bargon.

"In ka gama kukan ka kwance jakar nan," in ji Mami. "Ka kira masu motar ka ba su haƙuri."

Ta gyara wa mijinta jaridar, ta nuna masa fararen akwatunan na kwance da ɗan yatsanta.

"Ku kuma kada ku ji daɗi don kun kama ni. Naku ɓangaren har yau ba komai a ciki, kuma ni ba zan taɓa muku shi ba."