Kawu Lawali, Mai Fara Fim Daga Ƙarshe

Kai, Kawu Lawali! Duk wanda ya taɓa zama da shi gindin itacen bedin ƙofar gidansa bayan la'asar ya san da abin da zan fara. Mutumin nan bai taɓa yarda ya kalli fim daga farko ba. Da an kunna waya, tun sunayen 'yan wasa ba su gama wucewa ba, sai ya ɗaga hannu kamar jandarma a kan hanyar Maraɗi: "Tsaya! Kai ni ƙarshe tukuna." Sai ya ga wanda ya mutu, da wadda ta yi aure, da wanda aka kama, sannan ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Yawwa. Yanzu a koma farko, hankalina ya kwanta."

Ni Hadiza, ɗiyar ƙanwarsa ce. Gidan aurena yana bayan nasa, don haka ni ce mai danna masa waya, tunda yatsunsa, in ji shi, don kama ƙahon sa aka yi su, ba don shafar gilashi ba. Wata rana na gaji na ce, "Haba Kawu, ina daɗin fim in ka riga ka san ƙarshensa?"

Ya harare ni. "Ke ɗiyata, lokotoro ya ce ina da hawan jini, in guji fargaba. Awa biyu zan zamna gabana na faɗuwa a kan yarinyar da ban san ubanta ba? In za ta mutu a hwaɗa mini tun yanzu, in tahi in ba awakina ruwa."

Da a kansa shi kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. To amma Kawu ya naɗa kansa mai ba duk Dakoro shawarar abin da za a kalla. Ranar kasuwa ba ya da wurin zama sai bencin Illo, mutumin nan mai rumfar tura wa mutane finafinai a waya. Ina tsaye a wurin rannan wani bawan Allah daga Ajekoriya ya miƙo wayarsa ya ce a sa masa mai daɗi. Illo bai buɗe baki ba Kawu ya karɓe.

"Sa mishi wancan na alhajin da aka kashe. Malam, wannan shi ne fim! Wallahi har ƙarshe ba za ka gane wanda ya yi kisan ba. Ashe direbanshi ne."

Mutumin ya yi sakato da baki. Illo ya dafe kai. "Kawu, don girman Allah! To yanzu mi ya rage mishi ya kalla?"

"Mi na yi? Hutar da shi na yi. Yanzu sai ya zuba ma direban nan ido tun farko, ya ga yadda mugu ke gaida mutane da ladabi."

Kun san abin da ya faru? Kafin sati biyu, kowa ya zo rumfar sai ya ce, "A sa mini wanda direba ya kashe alhaji." Har yau ban san ainihin sunan fim ɗin ba, kuma na tabbata Illo ma ya manta.

Kawu ya yi aikinsa ne a ma'aikatar dabbobi, yana bin rugage daga Korahan zuwa Rumbu yana yi wa shanu allura, har ya yi ritaya. Shi ya sa idonsa ba ya kan 'yan wasa, yana kan abin da ke bayansu. Muna kallon wani fim, saurayi ya durƙusa yana ta zuba wa budurwa kalamai a bakin rafi, ni har hawaye sun fara taruwar mini, sai na ji, "Tsaya! Koma baya. Ƙara. Nan!"

"Mene ne, Kawu?"

"Ba ki ga saniyar can ba? Jar nan, bayan yarinyar. Dubi yadda ta sunkuyar da kai, dubi haƙarƙarinta. Wagga saniya ba ta da lahiya."

Na ce Kawu soyayya ake yi. Ya ce soyayyarsu ta dame su, shi dai a nemo masa lambar masu fim ɗin. Akwai wata lamba da ke fitowa a ƙarshe, ya sa na rubuta ta a bayan takardar magani. Na yi ta gaya masa fim ɗin ya yi shekaru da fitowa, ya ce ai ciwo ba ya tsufa. Kwana uku muna kira, rana ta huɗu wani ya ɗauka. Kawu ya gaishe shi tsaf, ya tambayi iyali, ya yaba aiki, sannan ya shiga bayanin saniya, har da sunan allurar da ta kamata. Mutumin ya yi dariya har muna jin yana tari, ya ce, "Baba, ai wannan saniyar ita muka yanka ranar da muka gama aiki."

Kawu ya miƙe zaune. "Kuka ci?"

"Muka ci, Baba."

"Dukanku? Har yarinyar?"

"Har ita."

"To ku tattara ku tahi a duba ku. Sai an jima." Ya miƙo mini wayar yana girgiza kai. Daga ranar, duk wanda ya tambaye shi wannan fim sai ya ce, "Labarin ba laifi, amma kada ka ci abinci gidansu."

Finafinan Indiya kuwa, masu fassarar nan, rigimarsa da su guda ce: ruwa. Da ya ga sama ta ɓalle, saurayi da budurwa sun fito suna juyi a tsakiyar fili, sai ya fara tsaki. "Dubi, dubi! Ruwan shuka ne wanga! Ƙasa ta jiƙe har gwiwa, ba wanda ya ɗauko iri, ba wanda ya tara ko tulu. Rawa! Allah ya ba ku, kuna tsalle a ciki." Amma wata shekara da damina ta yi mana jinkiri, kowa ya zuba wa gabas ido, hatsin iri na ajiye a ɗaki, sai ga Kawu yana aikowa a kira ni kullum. "Sa mini wurin ruwan nan." Ba ya son farko, ba ya son ƙarshe, wurin ruwan kawai. Maƙwabta suka riƙa taruwa, tsofaffi biyar shida a kan waya ɗaya. Da wani ya tambaye shi ko fim ɗin yana da kyau, ya ce, "Labarin banza ne. Amma kalle shi, akwai ruwa."

Sai kuma idon Inna Cima, matarsa, ya fara dusashewa. Aka je Maraɗi, aka dawo, aka sake komawa, daga ƙarshe dai ganin ya tafi gaba ɗaya. Matar da ba ta zama, ita ce daka, ita ce kiwon kaji, ita ce zuwa barka da gaisuwa, ta koma zaman ɗaki. Ta daina fira, abinci ma sai an yi da gaske. Mu duka muka tsorata, don mun ga tana sakin jiki.

Sai Kawu ya yi dabara. Ya ɗauke tabarmarsa daga gindin bedi ya mai da ita ƙofar ɗakinta. Ya ce daga yau nan ne sinima. In na kunna masa sai ya sa in kashe sautin ƙurmus, wai magana ce ke shanye batiri. Shi zai riƙa kallo yana ba ta labari. "Cima, ga shi nan ya shigo. Dogo ne, ya yi kama da ɗan Rabi maƙwabciya, sai dai shi wannan yana wanka." Rana ta uku na ji Inna ta yi dariya, irin wadda muka yi wata biyu ba mu ji ba.

Ni da nake ganin hoton, na lura labarin Kawu da abin da ke cikin waya ba kullum suke tafiya tare ba. Ana ɗaukar gawa, shi yana cewa, "An kai shi asibiti, likita ya ce da sauƙi." Ana korar mace da kayanta, shi yana cewa ganin gida za ta. Na buɗe baki sau ɗaya, ya taka mini ƙafa.

Asiri ya tonu ranar da Rabi ta shigo gaisuwa, fira ta kai su kan wani fim, Rabi ta ce ita ta sha kuka da yaron cikin fim ɗin ya mutu. Da Kawu ya dawo daga masallaci Inna ta tare shi.

"Malam, Rabi ta ce yaron nan mutuwa ya yi."

Ko gezau bai yi ba. Yana cire takalmi ya ce, "A wayar Rabi ya mutu. A tawa ya tashi."

Na fita da gudu don kada dariya ta kashe ni a gabansa. Daga baya ina taje wa Inna kai, na ce mata kada ta ji haushi. Ta ce, "Hadiza, idona ne ya tahi, ba hankalina ba. Tun ran farko na gane. Duk sanda zai yi ƙarya sai ya yi gyaran murya, haka yake tun muna yara. Kada ki hwaɗa mishi na sani. Nashi ya fi daɗi."

Ban faɗa masa ba. Shekara biyu suka yi a haka, shi yana gyaran murya, ita tana cewa "Allah Sarki, madalla da ya warke." Ta koma cin abinci, ta koma yi wa kowa faɗa daga inda take zaune. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, kwana tara kacal, ita ce ta zauna a gefensa riƙe da hannunsa, tana gaya masa ya ji sauƙi, fuskarsa ma ta ciko. Ya buɗe ido ya ce, "Ke da ba ki gani?" Ta ce, "Rabi ta hwaɗa mini." Ya yi murmushi. Washegari da hantsi ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya yafe masa kurakuransa, har da 'yan ƙaryace-ƙaryacen nan da ya yi don wata baiwar Allah ta ci abinci. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Inna Cima haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe ta yadda ya riƙe ta. Amin.