Ranar da Tanki Ya Yi Ajiyar Zuciya

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi, Kunne kowa yake ce masa. Gyaran injin jirgin ruwa ne sana'arsa. Shagonsa na jingine da bangon ɗakin matarsa, ƙofar tana kallon kogi. Jirgi zai taho daga nesa, shi yana sunkuye bai ko ɗago kai ba, sai ya ce, "Wancan fulogi ne, ku ce masa ya tsaya." A duba, fulogin ne kuwa. Shekara talatin da takwas matar tana jin irin wannan ta bango, tana tsintar wake ko tana jan carbi. Allah bai ba su haihuwa ba. Shi yakan ce kukan injuna ya ishe shi raino.

Ita ta fara lura jinsa ya ragu. Ta yi sallama, bai amsa ba. Ladan ya kira la'asar, yana ta ɗaure noti har sai da ta leƙo ta taɓa kafaɗarsa. Sai dai ya koma dafa inji da tafin hannu, kamar mai duba zazzaɓi.

A shekarar ne mai fito, amininsa tun ƙuruciya, ya kawo tsohon injinsa a sake masa rai. Wata biyu Kunne yana kansa. Ya sa sabon fistin da ringi, ya wanke kabireta, tankin man kuwa ya jefa shi lungu. Da ya gama ya rataya injin a bakin duro cike da ruwa, ya jona masa jarkar man shago kamar yadda ya saba gwaji. Inji ya tashi sumul. Amma da aka ɗaura shi a jirgi da tankinsa, a hankali lafiya lau, da an ba shi wuta sai ya ɗan yi gudu, ya yi tari, ya mutu.

Sau uku ana dawo da shi. Ya canza fulogi, ya canza tiyo, ya sake kwance kabiretar da babu ko ƙwayar datti a cikinta.

"Kunne," in ji mai fito, yana ɗaga murya ba tare da ya san yana yi ba, "injin nan fa ya koyi halinka. A zaune sarki, a tashi aiki sai tari."

"Ka ba shi haƙuri, nauyin tumbinka ne."

Suka yi dariya. Sannan mai fito ya sosa ƙeya. "Jiya mata takwas na tuƙa da hannu daga tsakiyar ruwa, ɗaya da tsohon ciki. In gobe ya ƙi, kada ka ji haushina, zan kai wa mai gyaran ƙetare."

Matar ta ji ta bango. Ta san in injin ya haye ƙetare, sunan Kunne ya tafi tare da shi.

Da safe ta yafa mayafi ta ce za ta bi su, ta daɗe ba ta hau ruwa ba.

"A'a, yau har da uwargida?" in ji mai fito. "To ki riƙe filafili, ke za ki dawo da mu."

Ta zauna kusa da tankin, ƙafarta na taɓa shi. Mai fito yana can goshin jirgi. Kunne ya ja igiya, ya ce bismillah, ya murɗa. Jirgi ya ɗaga kai, iska ta cika mata mayafi. Ba su kai tsakiya ba inji ya yi tari ya yi shiru.

A cikin shirun ta ji ƙarfen tankin ya yi ƙwas, ya lotsa kaɗan. Kunne ya sunkuya ya kwance murfin ya ga ko akwai mai, sai tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda ya daɗe da kuka a ciki. Ta dubi mijinta. Fuskarsa ba ta motsa ba. Yana shirin mayar da murfin.

Ta tuna muryarsa ta bango, shekaru da yawa baya, yana yi wa wani masunci faɗa: tankin da ba ya numfashi ba ya ba da mai.

Ta zare allurar da ke maƙale a gefen mayafinta, ta sa masa a hannu, ta ɗora yatsa a kan ɗan ramin da ke tsakiyar murfin.

Ya juya murfin ga rana. Ramin a toshe yake da jar ƙasa. Zanzaro ya yi gini a ciki, wata biyun da tankin ya yi a lungu. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dube ta.

"Ya yi ƙara?" ya tambaya. Shi a ganinsa a hankali ya faɗa.

Ta gyaɗa kai.

Mai fito ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Kunne ya tsokale ƙasar, ya hura, ya ɗaure. Inji ya kai su ƙetare ya dawo da su bai yi ko atishawa ba. A bakin gaɓa mai fito ya riƙa faɗa wa duk wanda ya gani, "Kunne dai Kunne ne!" Shi kuwa bai tsaya ba, ya shige shago ya zauna, allurar tana hannunsa.

Daga ranar ya ajiye mata kujera a ƙofar shago. In an tayar da inji sai ya dafa shi, ita ta saurara, ta kwaikwaya masa da baki da hannu. Mutane suka ce tsufa ya sa ba ya son ta yi nisa. Damina biyu suka yi haka, a ta uku Allah ya karɓi abinsa, ya jiƙansa da rahama.

An rufe shagon, amma kujerar tana nan. Da hantsi jirage suna wucewa. Wani lokaci takan tsayar da carbi ta ce, "Wancan fulogi ne." Sai ta waiwaya inda yake zama.