Mutumin da Ya Ƙara Mana Girman Rubutu

Kafin mai shara ya gama da baranda, Mai Allo ya riga ya shigo. Shekara ashirin da shida yana haka a ofishinmu na shigar da makin jarrabawa, tsumma mai laushi a aljihun hagu, ƙaramin sukudireba a na dama. Tebur-tebur yake bi, ya goge allon kowace kwamfuta, ya ɗan karkata wanda hasken taga ke bugawa.

Hannu shi ne ma'auninsa. In sabon ma'aikaci ya zo, sai ya ce, "Zauna daidai, miƙe hannunka." In yatsa ya taɓa allon, nisan ya yi. In allon ya yi ƙasa, ya kwaso tsofaffin fayiloli ya tokare shi har samansa ya zo saitin ido. Mu kuwa dariya muke masa, muna cewa ya mai da ofis shagon tela, kullum cikin awo.

Wadda ba ta taɓa yi masa wannan dariyar ba ita ce Gwaggo, tsohuwar mai buga mana maki, wadda a da babu mai saurin hannunta. Shekara takwas da suka wuce aka sauya mana alluna. Oga ya riƙa zagayawa yana yabon kaifin hotonsu, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai yadda hoton ya yi kaifi, haka rubutun ya ƙanƙance kamar kiyashi. Gwaggo ta fara ganin uku a matsayin takwas. Ran nan ta tsallake layi, makin wata ɗaliba ya faɗa wa wata. Takardar gargaɗi ta zo, ta biyu ta biyo baya. Ta uku sallama ce, ga shi shekara uku kacal suka rage mata ta yi ritaya da mutuncinta.

Ta san idonta ne, amma ta ja bakinta ta yi shiru. Tsoronta kada ta faɗa a ce ta je gida ta huta.

Wata rana da aka fita cin abincin rana, Mai Allo ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Shi ma Gwaggo yake kiranta kamar kowa.

Ya ce, "Gwaggo, wuyan nan da kike miƙawa, cikin kwamfutar kike son shiga?"

Ta ce, "Malam, rufa min asiri."

"Ai ban ga komai ba. Matsa min kaɗan."

Bai rage kaifin allon ba, don ya ce in an rage, rubutu dushi-dushi yake yi. Girman baƙaƙen ya ƙara, yana tambayarta har ta ce ya isa. Sai wata matsalar ta ɓullo. Da rubutu ya girma, hoton takardar maki da gurbin da take bugawa suka daina zama a allo ɗaya, dole ta rufe wannan ta buɗe wancan, kuma a nan layi ke ɓacewa. Ya je ya nemi a ba ta allo na biyu. Oga ya ce kowa ɗaya aka sayo masa.

Washegari Gwaggo ta tarar da allo biyu a teburinta. Na biyun an tsayar da shi ta tsawo, takarda guda ta fito a ciki daga sama har ƙasa. Ta tambaye shi inda ya samo, ya ce, "Ke dai ki yi aiki." Don kada a zura mata ido, ya bi teburin kowa ya ƙara mana girman rubutu, ya ce haka ya fi wa ido sauƙi. Takarda ta uku ba ta zo ba. Gwaggo ta cika shekarunta, ta tafi ana yi mata addu'a.

Duk mun ɗauka daga sito ya ɗauko allon na biyu, kuma wallahi babu wanda ya tambaya. Ɗakinsa na ƙarshen baranda, ƙarƙashin matakala. Daga bakin ƙofa muke ƙwala masa kira in kwamfuta ta ƙi, da ya gyara mun manta da shi.

Makon jiya ya yi ritaya, muka gayyato Gwaggo taron bankwana. Ta zo da wuri, ta ce bari ta gaishe shi a ɗakinsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ya ciki. A kan teburin ta ga wani tsohon allo mai ƙaton ƙeya, ɗan ƙarami, hotonsa na rawa, irin waɗanda aka kwashe mana tuntuni. Gefensa ga gilashin ƙara girman rubutu, mariƙinsa ya koɗe. Daga nan ta nemi mai sito, ya ce mata sabon allo ko ɗaya bai taɓa ragowa ba, na Mai Allo ne ya bayar. Da ta tafi ma, wadda ta gaje ta ya bar wa.

Ba na cewa allon nan ne ya ci masa ido, wannan sai likita. Abin da na sani, shekara takwas yana zaune gabansa, mu muna ta ƙorafin namu.

A wurin taro Oga ya miƙa masa takardar yabo, mun sa an buga ta da siraran baƙaƙe masu ado. Ya nesanta ta, ya kusanto ta, ya miƙa wuya. Ya yi murmushi ya ce, "Kai, ta yi kyau." Muka tafa. Gwaggo ce kaɗai ta gane wuyan nan. Ta tashi ta karɓi takardar, ta gyara tabarau ta ce, "Malam, matsa min kaɗan." Ta karanta masa da ƙarfi. A nan kunya ta rufe mu.

Kai ne ka san idon kowa a ofishin nan, Mai Allo, wanda ke buƙatar haske da wanda haske ke sa wa ciwon kai. Kai ne ka rufa wa baiwar Allah asiri da naka kayan aikin. Mu ko sau ɗaya ba mu ce maka miƙe hannunka mu gani ba. Mun gode, kuma ka yafe mana. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka ci moriyar hutunka.

Ku da ke da irinsa a wurin aikinku, ku daina tsayawa a bakin ƙofa, ku shiga ku ga da me yake aiki. Wannan rubutun na roƙa a buga masa shi da manyan baƙaƙe. Ban sani ba ko girman ya isa, don wanda ya iya awon ya tafi gida.