Fuskar Bes a Bangon Hormin

Yayana Hormin bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Shekara talatin ya yi yana zane a kaburburan sarakuna, kwana takwas a kwarin da ake binne su, biyu a gida, kuma a kwana biyun nan sai ya ishi kowa. Ya gyara ƙofar da ba abin da ya same ta, ya leƙa tulun giya, ya tambayi dalilin da gurasa ta yi tauri. Matarsa har ta rasu tana cewa hutunta yana farawa ne ranar da ya koma aiki.

Hannu kam yana da shi, ba zan tauye masa ba. Sai ya tsoma zare a jar ƙasa, ya ɗana shi a bango, ya fitar da layuka, sannan ya auna kowane abin bauta daga tafin ƙafa zuwa goshi. Dukkansu a gefe suke kallo, sun juya yamma inda matattu ke tafiya, suna yi wa sarki rakiya. Girman kai kuwa ya fi hannun yawa. Bes, gajeren abin bautar nan mai gezar zaki da harshe a waje, wanda kowace mace a unguwarmu ke zanawa a ɗakin gaba don ya kori abin da ke ɗauke jarirai, Hormin "dodon mata" yake ce masa. Wai wannan ba zane ba ne, jagwalgwalo ne.

'Ya ɗaya ce ta rayar masa, Henut. Sau biyu tana durƙusawa a kan tubalin haihuwa, sau biyu muna saka gawar jariri a tukunya muna kaiwa gindin tudu mu binne. Da ta samu ciki na uku ta dawo gidan ubanta, ni kuma na tare a can. Tsoro ya hana kowa sakewa, amma nasa ya fi fitowa fili. Yana shiga yana fita, in ta yi tari sai ka gan shi a kanta.

Na ce masa zan kira Tabaket ungozoma ta zana Bes, kamar yadda take yi wa kowa da yatsa da farar ƙasa.

"Tsohuwar da ba ta iya ja layi a miƙe ba?" in ji shi. "A gidana? Ki bari, Mutemwiya. Ni zan yi."

"Yaya, ba kai ke ce masa dodon mata ba?"

"To yau dodon zai ga gata."

Hutu uku na zuwansa gida ya kwashe a kan bangon nan. Ya yi sabon yaɓe, ya ɗana zarensa, ya niƙa shuɗin da ko a kwari ba kowa ake ba shi ba. Bes ɗin ya fito da kafaɗa a miƙe, baki a rufe, kyakkyawa kamar ɗan sarauta. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo suna yabo, har da ni, don kyan ya rufe mini ido.

Naƙuda ta taso da hantsi. Tabaket ta shigo da ƙullin kayanta, ta ɗaga kai ta dubi bango, ta tsaya cak.

"Hormin, wannan wane ne?"

"Bes ne mana, Iya."

"Ina yake kallo?"

Duk muka juya. A gefe yake kallo, ya ba ƙofa kunne, ya fuskanci yamma. Hannun da ya shekara talatin yana juya fuskoki wajen matattu ya yi abin da ya saba, mai shi bai ko lura ba.

"Ka zano mana ɗan rakiya," in ji Tabaket. "Mu mai gadi muke so. Wa zai kalli ƙofa? Kuma da wannan kyan nasa wa zai tsorata? Ni ba zan durƙusar da yarinya a ƙarƙashin mai kallon yamma ba." Ta ja Henut zuwa ɗakin ciki. "In haihuwar ta matso dole mu dawo nan, tubalin a nan yake. Saura kai."

Yayana ya juya ga bangon. Ya kwaɓa laka da hannunsa ya shafe aikin hutu uku. Ya ɗauki farar ƙasa ya fara, ya goge, ya sake. Bai taɓa zana fuska tana kallon mutum ido da ido ba. In ya ja hanci sai hancin ya karkata gefe. In ya yi baki sai ya fito a tsuke, da mutunci. Henut tana nishi a ciki, shi yana zagaya ɗakin, daga bango zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bango.

Raina ya ɓaci, na daka masa tsawa. "Ka wanke hannu ka ba ni farar ƙasar nan, ko ni na fi ka."

Ya sunkuya a kan kwaryar ruwa zai wanke, sai ya daɗe a sunkuye. Na leƙa ta bayansa. Fuskarsa ce a cikin ruwan: gemun da ya yi kwanaki bai aske ba, ido a waje jajur, laka a kumatu, baki a buɗe yana haki. Ya miƙe, ya tsoma yatsa a farar ƙasa, ya zana abin da ya gani. Ba zare, ba awo. Ya ƙara geza, ya zaro harshe har haɓa.

Muni dai ya yi muni. Tabaket ta fito riƙe da Henut, ta dubi zanen sau ɗaya ta ce wa Hormin, "Yawwa. Fita waje."

Ya fita, amma bai wuce bakin ƙofa ba. Nan ya yi ta safa da marwa cikin rana har la'asar, lokacin da muka ji kukan jaririya. Sai a sannan ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannuwansa masu laka ya yi kuka, ni ma na taya shi.

Kaburburan da ya ƙawata an toshe su da duwatsu, ba mai sake ganin aikinsa a can. Shi ma shekara huɗu ke nan da muka raka shi yamma, kuma har yau in na ji motsi a tsakar gida sai in zaci shi ne yake leƙa tulu.

Yarinyar da aka haifa ranar, Iset, yanzu cikinta wata bakwai. Jiya mijinta ya zo da mai yaɓe, wai bangon ya tsage, zanen ya dushe, a yi sabo. Ta tsaya a gaban bangon ta tare shi da jikinta.

"Ku yaɓe ko'ina," ta ce, "ban da nan. Kakana yana kallon ƙofa."